Shafin ya buɗe a kwamfutarka, to zai buɗe a Bunza?

Kowane shafin intanet kashi biyu ne. Akwai na bayan fage, wanda ke zaune a kan uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana amsa buƙatun masu ziyara. Akwai kuma fuskar shafin, abin da mutum ke gani da ido ya taɓa da yatsa. Uwar garke mai gina shafi ne ke zaɓarta, ya san ƙarfinta, shi ke biyan kuɗinta. Fuskar kuwa ba a hannunsa take aiki ba. Aika ta ake yi gunduwa-gunduwa zuwa wayar mai ziyara, a can ake harhaɗa ta, da datarsa, da cajinsa, da ƙwaƙwalwar wayarsa, da irin sabis ɗin da garinsu ya samu a wannan sa'ar. Nan ne tushen wahalar wannan sana'a, kuma shi ne abin da ƙannenmu masu koyon gina shafuka a Birnin Kebbi da Aliero da Argungu suka fi saurin mantawa, domin a kan laftof suke koyo, da sabon Chrome, galibi kusa da wayfai.

Da abubuwa uku ake gina fuskar. HTML, wanda ya samo asali daga aikin Tim Berners-Lee a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, shi ke faɗin mene ne mene: wannan kan labari ne, wannan fom ne, wannan maɓalli ne. CSS, da ya zo a 1996, shi ke kula da kamanni. JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta wa kamfanin Netscape a 1995, shi ke sa shafi motsi da amsawa. Halinsu ba ɗaya ba ne. HTML da CSS masu haƙuri ne. Idan burauza, wato manhajar buɗe shafi irin Chrome, ta ci karo da abin da ba ta gane ba, tsallake shi take yi ta ci gaba. JavaScript ba ya da wannan haƙurin. Salon rubutu guda ɗaya da tsohuwar burauza ba ta sani ba ya isa ya kashe fayil ɗin gaba ɗaya, kuma idan duk shafin a kansa ya dogara, farin allo kawai mai ziyara zai gani. Ba zai kira ka ya faɗa maka ba. Zai ce sabis ne, ya rufe.

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu uku ne suka rage: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Firefox. Google ya fito da Chrome a 2008 a kan WebKit, a 2013 ya ɓalle ya kafa Blink, a shekarar kuma Opera ta bar injinta ta bi shi. Microsoft ya mayar da burauzarsa Edge kan Chromium, wato tushen Chrome mai injin Blink, a farkon 2020, ya kuma yi ritayar Internet Explorer ranar 15 ga Yuni, 2022. Samsung Internet da Brave duk 'yan gida ɗaya ne da Chrome. A iPhone kuwa, ko da ka sauke Chrome ko Firefox, WebKit ne a ciki, domin ƙa'idar Apple ke nan. Sassaucin da aka yi a 2024 na ƙasashen Tarayyar Turai ne, bai shafe mu ba. Daga 2022 kamfanonin nan suna zama tare kowace shekara a ƙarƙashin shirin Interop, su ware wuraren da injinansu suka saɓa su gyara. Wanda ya yi zamanin rubuta shafi ɗaya sau biyu saboda Internet Explorer ya san an samu sauƙi ba kaɗan ba.

Sai dai sauƙin ya zo da ruɗi. Yanzu za ka ji matashi na cewa, "Ai duk Chrome ne, in ya yi a nawa ya yi a na kowa." Wane Chrome ɗin? A 2021 aka koma fitar da sabo kowane mako huɗu. Sabuntawa kuwa data take ci, tana kuma buƙatar fili a waya, shi ya sa mutane da yawa a nan suke kashe sabuntawar da ke yin kanta, wasu ma ba su san da ita ba. Akwai kuma wayoyin da aka riga aka rufe wa ƙofa: Chrome 138 shi ne na ƙarshe ga Android 8 da 9, tun 2025 ba su ƙara samun sabo ba. Irin waɗannan wayoyi ba jefar da su ake yi ba a wajenmu. Yaya ya ba ƙane, ƙane ya sayar a kasuwar Jega, wanda ya saya ya kai wa mahaifiyarsa ƙauye, tana nan tana aiki. Saboda haka ne ma'aunin Baseline, da aka fito da shi a 2023, yake da amfani. Yana raba sababbin dabaru gida biyu: waɗanda suka shiga dukkan manyan burauzoji kwanan nan, da waɗanda suka cika wata 30 da shiga. Ra'ayina, mai gina wa mutanen Kebbi shafi ya tsaya a rukuni na biyu, in kuma dole sai ya taɓa na farko, ya tanadi abin da tsohuwar waya za ta gani a madadinsa.

Opera Mini kuma lamarinta daban ne. Idan aka sa ta a matakin tsimin data mafi tsanani, ba wayar ce ke buɗe shafin ba; kwamfutocin kamfanin Opera ne ke buɗe shi, su ba JavaScript 'yan daƙiƙoƙi ya yi abin da zai iya, sannan su matse sakamakon su aiko. Duk wani abu da ke jiran motsin yatsa ko ke sabunta kansa a kai a kai yana iya tsayawa cak. Ga masu shigowa ta mahaɗin da suka latsa a Facebook ko TikTok, waɗanda burauzar cikin manhajar ce ke buɗe musu. Ga ƙananan wayoyi masu madannai da ke kan KaiOS, da tsohon injin Gecko. Google ya cire tsarin tsimin data daga Chrome a 2022, yana kafa hujja da cewa data ta yi araha a ƙasashe da dama. Mu kuwa a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya yana da dalilin riƙe Opera Mini.

A nan ne maganar manyan kayan gini na JavaScript ta shigo. An yi zamanin jQuery daga 2006, Facebook ya saki React a 2013, Vue ya biyo baya a 2014, kuma yau kusan duk tallar aikin da matashi zai gani React take nema. Ba na hana kowa koyonsa. Wanda ke son aiki da kamfanin Legas ko na waje daga ɗakinsa a Gwadangaji dole ya iya. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da shi amsar kowace tambaya. Kilobayit ɗari biyu na hoto da kilobayit ɗari biyu na JavaScript ba nauyinsu ɗaya ba. Hoto saukewa ne a nuna. JavaScript sai an sauke, a karanta, a fassara wa na'ura, a gudanar, kuma yayin da waya ke wannan aikin ba ta sauraron yatsan mai ita. Abin da laftof ke gamawa kafin ƙiftawar ido, itel mai ram gigabayit biyu sai ta yi daƙiƙoƙi tana fama. Mai gini da ya gwada a na'urarsa kaɗai kamar tela ne da ya auna jikinsa ya ɗinka wa abokin ciniki riga.

Shafin da zai nuna kuɗin makaranta, ko farashin buhun shanshera a Suru, ko jadawalin bikin kamun kifi na Argungu, rubutu ne da hoto da ɗan fom. HTML da CSS na yau sun ishe shi. Tun 2017 CSS Grid ke tsara shafi ba tare da dabarun ɓoye ba. A 2023 aka samu damar sa kowane sashe ya daidaita kansa da faɗin wurin da aka ajiye shi. Akwatin saƙo mai tasowa da sashe mai naɗewa duk HTML na da su a jikinsa yanzu. Su kansu masu React sun dawo daga rakiyar tura komai waya: Next.js da Astro da ire-irensu suna harhaɗa shafin a kan uwar garke su aiko da HTML gamamme, JavaScript ya biyo baya a inda ake bukatarsa kawai. Hotuna kuwa, a mayar da su WebP ko AVIF, wato nau'ikan fayil ɗin hoto marasa nauyi, a rage girmansu, a hana na ƙasan shafi saukowa sai an gangaro kansu. Sau da yawa hoton shugaban ƙungiya da aka ɗora yadda kyamara ta ɗauko shi ya fi duk sauran shafin nauyi.

Google na da ma'aunai uku da yake auna lafiyar shafi da su. Babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Idan an taɓa wani abu, shafin ya nuna alamar amsawa cikin kashi 200 daga cikin dubu na daƙiƙa ɗaya; wannan ma'aunin a Maris 2024 ya maye gurbin wani tsoho. Na uku, kada abubuwa su riƙa zamewa, kuma makinsa kada ya wuce 0.1. Kowa ya san wannan na ukun ko bai san sunansa ba: ka kai yatsa za ka latsa "Aika", hoto ya gama saukowa daga sama, komai ya gangara, ka latsa "Soke".

Batun yankewar sabis kuma, maƙwabtanmu na Zamfara sun ga iyakarsa a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni a haka. Babu dabarar gina shafi da za ta yi maganin wannan. Amma yankewar yau da kullum, ta minti biyar a hanyar Kamba ko ta rabin yini a ƙauyen bakin kogi a Yauri, tana da magani. Burauzojin zamani suna barin shafi ya ajiye kwafin kansa a waya, ya riƙe abin da mutum ya cike, ya aika idan sabis ya dawo. Ko Safari, burauzar Apple, ta karɓi ajiye kwafin shafi tun 2018.

Akwai wata matsala da babu malamin YouTube na Indiya ko Amurka da zai koya maka, domin ba tasa ba ce: haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba ma a unguwa ɗaya suke ba. Ƙ tana wani rukuni, ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin furuci. Yawancin kyawawan zanen haruffa da ake ɗaukowa ba su da su, ko kuma an yanke su wajen rage nauyin fayil. Sai burauza ta aro su daga wani zanen, ka ga "Ɗanladi" harafin farko ya fita daban kamar baƙo, a tsohuwar waya ma ɗan akwati ne zai fito. Wajen bincike abin ya fi muni. Sakatare ya shigar da suna da ƙugiya, mai nema ya rubuta babu ƙugiya domin madannan wayarsa ba su da ita, shafi ya ce babu wannan mutum. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu ba ta aiki a nan, saboda a wajen Unicode ƙugiyar ba ƙari ba ce a kan harafi, harafin ne sukutum. Sai ka zauna ka rubuta da hannunka cewa wajen bincike ɗ da d su zama ɗaya. In kuma shafin zai ɗauki ajami, daga dama zai fara, tsarin duka sai ya juya.

To, ka lissafa: injina uku, tsofaffi da sababbin fitowa, waya mai ƙarfi da marar ƙarfi, sabis mai kyau da mai yankewa, boko da ajami. Babu ɗan Adam da zai bi duk waɗannan da hannu a duk lokacin da ya canza layi ɗaya a cikin aikinsa. Zai yi a makon farko, a na uku ya gaji. Dalilin gwaji mai sarrafa kansa ke nan: ka rubuta wa kwamfuta sau ɗaya abin da ya kamata ya faru, ita kuma ta riƙa dubawa ba gajiya.

Abin ya daɗe. Jason Huggins ya fara Selenium a 2004, hanyar da yake bi wajen tuƙa burauza, WebDriver, ta zama ƙa'idar hukumar W3C a 2018. Google ya kawo Puppeteer a 2017, Microsoft ya kawo Playwright a 2020, ga kuma Cypress. Waɗannan su ne masu buɗe burauza ta gaske su latsa su rubuta kamar mutum. A ƙarƙashinsu akwai irin su Jest da Vitest, masu gwada ƙananan sassa ba tare da buɗe burauza ba, cikin ƙanƙanin lokaci.

A ce ƙungiyar manoman shinkafa ta ba ka aikin fom ɗin da mambobi za su riƙa shigar da buhunan da suka kawo da asusun da za a biya su. Lissafin kuɗi, buhu kaza sau farashi kaza a cire bashin taki, aikin ƙaramin gwaji ne, ka jera masa misalai ashirin har da na buhu sifili. Lambar asusun banki a Nijeriya lambobi 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Idan fom ɗinka ya ɗauke ta a matsayin adadi, sifilin zai faɗi, kuɗin Malam ya maƙale. Haka lambar waya mai farawa da 080, wani kuma ya rubuto ta da +234, wani ya sa tazara a tsakani. Kowanne layi ɗaya ne na gwaji. Ga na lokaci: agogon Nijeriya yana gaban na duniya da awa ɗaya, uwar garke kuwa galibi a kan na duniya take, don haka abin da aka shigar ƙarfe sha biyu da rabi na daren ɗaya ga wata yana iya faɗawa cikin lissafin watan jiya. Playwright na barinka ka ce masa ya ɗauka a yankin agogon Legas yake.

Gwajin da ya fi kowanne daraja a wajena shi ne na latsawa sau biyu. Sabis ya yi nauyi, mutum ya latsa "Aika", bai ga komai ba, ya sake latsawa, ya kuma sake. Buhu goma sun zama talatin a littafi, rigima ta tashi a ƙungiya, a ce sakatare ne ya ci amana. A kan wayfai ba za ka taɓa ganin wannan ba, domin amsa na dawowa kafin yatsa ya ɗaga. A Playwright kuwa kana iya jinkirta amsar da gangan, ka sa a latsa sau uku, ka duba cewa shigarwa ɗaya ce ta isa. Kana iya yanke sabis a tsakiyar cike fom ka ga ko abin da aka rubuta ya tsira. Kana iya gudanar da gwaji ɗaya a Chromium da Firefox da WebKit, ka rage faɗin allo zuwa na ƙaramar waya, ka ɗauki hoton shafi mai ɗauke da Ɓ da Ɗ da Ƙ da alamar ₦ a riƙa kwatanta shi da na jiya. Lighthouse, ma'aunin saurin shafi da ke cikin Chrome kyauta, yana kwaikwayon sabis mai gudun kusan megabit 1.6 ya kuma rage ƙarfin na'ura ninki huɗu. Ana iya kafa masa iyaka, a ce duk ranar da nauyin shafi ya wuce kaza a ƙi karɓar canjin.

Mai fama da wuta zai ce ina zan samu cajin gudanar da duk wannan. Ba a laftof ɗinka ya kamata su riƙa gudana ba. GitHub Actions da makamantansa suna gudanar da su a kwamfutocinsu duk lokacin da ka tura canji, kyauta ga ayyukan da ke buɗe ga kowa, da wani adadin mintuna kyauta ga na sirri. Ka tura, ka rufe laftof, sakamako ya same ka a waya.

Kada dai a ɗauka koren maki, alamar gwaji ya wuce, shi ne gaskiya duka. Gwaji abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa. Akwai gwaji mai taurin kai, yau ya wuce gobe ya faɗi ba a canza komai ba, yawanci saboda an ce masa ya jira daƙiƙa uku maimakon ya jira abin ya bayyana. Idan irinsa suka yi yawa sai mutane su daina kula jan maki, daga nan kuma gara babu. Akwai gwajin da aka ɗaure da sunayen cikin kod, da an sauya launi ko suna ya karye. Wanda ke neman maɓalli da rubutun da ke kansa, yadda mutum zai neme shi, ya fi daɗewa, yana kuma tona asirin maɓallin da makaho mai amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta masa allo da murya, ba zai iya samu ba. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta kod su rubuta gwajinsa, sai a yi hattara: gwajin da aka ciro daga jikin kod ɗin zai tabbatar da kuskuren ne, ba zai kama shi ba. Injin bai san asusun banki na farawa da sifili a nan ba sai ka faɗa masa.

Kwaikwayo ma yana da iyaka. Rage faɗin allo a kwamfuta ba ya mayar da ita Tecno mai zafi a aljihu cikin watan Afrilu, wadda ma'ajiyarta ta cika da bidiyon WhatsApp. WebKit ɗin Playwright ɗan'uwan Safari ne, ba ita ba ce. Opera Mini mai matse shafi kuwa ba ta cikin jerin ko kaɗan. Hanyar da ta fi kusa ita ce ka kashe JavaScript a gwaji ka ga ko fom ɗin zai iya aikawa a haka, sannan ka buɗe ta a waya ta gaske. Duk mai wannan sana'a a Kebbi ya kamata a ce yana da tsohuwar waya ɗaya ko biyu a aljihun tebur, da layin kamfani fiye da ɗaya, domin inda wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa.

Sauran magana ta kuɗi ce. Alhaji mai makaranta ko shugaban ƙungiya shafi ya ce a yi masa, ba ya ganin gwaji, ba zai kuma gane dalilin ƙarin kwana uku a kan abin da ya riga ya buɗe a gabansa ba. Kada ka sa shi a takardar farashi a matsayin wani abu na daban da za a iya cirewa a rage kuɗi, domin shi za a fara cirewa. Ka haɗa shi cikin kuɗin aikin. Ba kuma sai ka gwada komai ba: hanyar da kuɗi ke bi, da shiga asusu, da aika fom, da bincike da suna, su ne farko, launin kan shafi ya jira. Sannan a rubuta a yarjejeniya wanda zai riƙa duba shafin bayan an miƙa shi da abin da za a biya shi a shekara, domin burauzojin da aka gwada shi a kansu yau za su canza wata mai zuwa, shi kuwa Alhaji a ranar da iyaye suka kasa biyan kuɗin makaranta ne zai nemi lambarka.